Tambayi Malamin Daji: gawayi, ungulu da citta, nauyin wa ne?

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonnin wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: daji na ƙarewa, kogi ya rage ba da kifi, tsuntsayen da muka taso muna gani sun yi ɓatan dabo, kowa kuma yana nuna wani da yatsa. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani wasu, na sakaya sunaye kamar yadda muka saba, masu tsawo kuma na rage musu.

Baba, barka da aiki. Ni matar aure ce a Rigasa, 'ya'yana biyar. Tun da gas ya fi ƙarfinmu na koma gawayi. Ran nan 'yata ta dawo daga makaranta tana cewa malaminsu ya ce mu masu girki da gawayi mu ne ke cinye daji. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah da gaske ina da alhaki?

'Yata, ki ɗora tukunyarki yara su ci abinci. Malamin bai yi ƙarya ba, amma wutsiyar maganar ya kama, ya bar kan.

Bari in gaya miki tafiyar da gawayin ya yi kafin ya iso murhunki. Duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ta Abuja ya ga buhuna jere a bakin titi, an toshe bakunansu da ciyawa. Can bayansu cikin daji ake sare itace ɗanye, a daddatsa, a jibge, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali. A irin wannan ƙuna ta gargajiya sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi, saura ya tafi a hayaƙi da toka. Mai yin gawayi kuma ba kowane itace yake so ba. Ƙirya yake nema, da marke, da kaɗanya, don su ne masu riƙe wuta. Ke kanki in kin ɗaga ƙulli kika ji nauyi, shi kike ce wa mai kyau.

A nan asarar take. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta bayarwa har jikoki su samu. Daga ƙwararta matan ƙauye ke fitar da man kaɗe, na ci da na shafawa da na kaiwa kasuwa. Ɗorawa kuwa ita ce kalwa, kalwa ita ce daddawar miyarki. Da dare jemage ke zuwa shan zaƙin jan furenta, shi ke ɗaukar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan har ta yi 'ya'ya. In an sare manyan itatuwan da jemagu ke wuni a kai, ɗorawar da ta tsira ma sai ta rage haihuwa. Iyayenmu ba su karanta wannan a makaranta ba, amma sun san ba a sa wa ɗorawa da kaɗanya gatari. Ko aron gona aka ba mutum, amfanin itatuwan na mai gona ne, wanda ya sare kuma sai ya gurfana gaban dagaci.

Yanzu ki bi sawun kuɗin. Yaron da ya sare, ya kwana cikin hayaƙi, shi ne mai samun mafi ƙanƙanta. Dillali mai tirela ke kwashe romon, da wanda ke cika kwantena zuwa bakin teku, don gawayinmu har ƙasashen waje ana kaiwa. A tsakani ga shingaye, kowanne da rasit ɗinsa ko da na goronsa. Aikin gandun daji na yi har na ajiye, na san abin da ake tambayar ma'aikaci a ƙarshen wata a wurare da yawa: nawa ka tara? Da wuya ka ji an ce itace nawa ka tsirar. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, gas da kananzir suka yi sama, wutar lantarki ba tabbas. Wanda bai tanadar miki abin girki mai sauƙi ba, ba shi da bakin ce miki ki daina gawayi.

Mutane na son jawo karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don a raba laifi daidai wa daida. To amma duk wanda ya taɓa ɗaga jinka ya san ba a sa yaro a inda nauyi ya rinjaya. Kowa da gefensa, gwargwadon ƙarfinsa da gwargwadon abin da yake ci a ciki. Naki gefen ƙarami ne, ga shi. Ki nemi murhu mai laka a ciki wanda ke tsare zafi. In babu a kasuwa, ki kwatanta wa maƙeran Panteka. Wake ki jiƙa shi tun da wuri, tukunya ki rufe ta, in kin sauke ki kashe garwashin ki ajiye don gobe. Lokacin sanyi kuma kada ki shiga da murhu ɗaki ki rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa cikin barci. Ita kuwa 'yar taki, ki ce in ta koma ta tambayi malaminsu wa ke ba tirelolin nan izinin wucewa.

Malam, ina gaisuwa. Ina da gidan burodi a Tudun Wada, da itace muke gashi. Ina biyan haraji, ina biyan kuɗin lasisi, mutum 14 ke ci a ƙarƙashina. Ni a ganina kare daji aikin gwamnati ne, shi ya sa muke biyan ta. Me ya sa kullum sai an jawo 'yan kasuwa cikin maganar?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ana jawo ku ne don ku ne kasuwar. Mai zarto ba ya shiga daji don marmari, ya san akwai mai jiran kaya. Itacen da tandarka ke lashewa a mako, gida guda sai ya yi watanni bai ƙarar da shi ba. Ka haɗa gidajen burodin Kaduna da Zariya da Kafanchan, ka ƙara da masu tsire da balangu da makarantun kwana, sai ka ga inda daji ke zuwa.

Gobe in mai kawo maka itace ya sauke, ka fito da kanka ka duba. Kaɗanya ba ta ɓuya: ɓawonta mai kauri ne, baƙi-baƙi, a tsattsage gida-gida, cikinta ja, in ɗanya aka sare za ka ga inda farin danƙo ya tsatso ya bushe. Ka tambaye shi daga ina. Ranar da masu burodi goma suka ce ba sa karɓar kaɗanya da ɗorawa, labarin zai riga kowace doka isa daji.

Abin da ya fi wannan shi ne ku noma itacenku. Kuna da ƙungiya. Ku nemi fili a bayan gari, ku dasa turare da malaina. A cikin 'yan shekaru ana fara sara, kuma duka biyun suna sake tofowa daga kututture, ba sai an sake dashe ba. Ilimin yana nan kusa da ku, a Afaka akwai kwalejin gandun daji ta tarayya. Sai dai kada a ruɗe ku: gonar turare ba daji ba ce. Ka shiga ciki da hantsi za ka ji shiru, ba kukan tsuntsu sosai, ba ciyawar kirki a ƙasa, ga ta da shan ruwa, don haka a nisanta ta da fadama. Amfaninta shi ne ta sha gatari a madadin itatuwan gado.

Wannan naka ne, kai mai ƙaramin jari. Manyan kuwa doka ta riga ta ambace su. Tun 1992 akwai dokar da ta ce kafin a kafa babbar masana'anta, ko a gina madatsar ruwa, ko a share babban daji, sai an binciki illar da aikin zai yi wa muhalli. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin ƙa'idojin, jiha kuma tana da tata hukumar muhallin, KEPA. Masaƙa ta fara aiki a Kakuri tun 1957, wasu suka biyo baya, dubban iyalai suka ci abinci a nan, ba mai musun wannan. Amma wanda ya zauna Makera a zamanin da masaƙu ke tashe ya san ruwan lambatu kan sauya launi gwargwadon rinin da aka yi a ranar, kuma kogin Kaduna ya nufa. An saka kuɗin auduga da na albashi a lissafi, na tace ruwa kuwa masunta da masu lambun bakin kogi aka bar wa su biya.

Ka dubi abin da ya sami madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid. Masu kujerun alfarma a ƙasar Sin suka buɗe mata baki, cikin 'yan shekaru aka yi mata ƙarƙaf, Taraba ta fi kowa ji a jika. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin nan mai aukuwa ta auku. Bafulatanin da ke sassabo wa shanunsa ganyenta a ƙarshen rani bai ga ko sisi ba, sai dai ya ƙara nisan kiwo, ƙarin nisan kiwo kuma ka san abin da yake haifarwa tsakaninsa da manomi.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne nan: in kai ka gyara, maƙwabcinka ya ci gaba da sayen itacen sata da araha, kai za ka karye. Babu mai iya sa kowa a layi ɗaya sai hukuma. Dokar filaye ta 1978 kuma a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha, don haka duk fadamar da aka yanka fuloti, duk gandun da aka gutsure aka ba wani, akwai sa hannun wani a takardar. Harajinka ya ba ka damar tambayar wannan da babbar murya.

Baba, mahaifina mahauci ne. Yana ba mu labarin cewa a da sai an kori ungulaye da sanda a kwata. Ni shekarata 19, ban taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Ina suka tafi? Kuma in sun tafi, ina ruwanmu da tsuntsu mai cin mushe?

Ɗana, mahaifinka bai ƙara gishiri ba. A da rufin kowace mayanka da kowace kasuwa baƙi ƙirin yake da su, ko tashi ba sa yi in mutum ya wuce. Ba ƙaura suka yi ba, ƙarewa suke. A 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun duniya ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da gushewa.

Abubuwa ne suka haɗu mata. Ana zuba guba a mushe don kashe karnuka ko kuraye, ungulaye su sauka su mutu gaba ɗaya a wuri guda. An sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Mafi muni a ƙasar nan shi ne ciniki: ana sayen kanta da ƙafarta da ƙwanta don asiri, wai ana ganin gaibu ko ana samun sa'a, kuma da ta yi wuya sai kuɗinta ya ƙara tashi, mafarauta suka ƙara himma. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Tsuntsun da haihuwarsa ke tafiyar hawainiya haka ba ya jure farauta.

Ina ruwanmu? Tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 aka yi ta yi wa shanu allurar diklofenak, maganin ciwon jiki, ungulayen da suka ci mushensu ƙodarsu ta lalace, fiye da kashi 95 cikin 100 suka mutu. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan titi suka yawaita a kansa, ciwon haukan kare ya ƙaru a cikin mutane. Cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, kare da ƙuda kuwa yawo suke da su gida-gida. Ungulu ba ta jewar banza, aikin tsafta take yi mana ba albashi.

Doka akwai ta, tun 1985 aka yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka ƙara mata tsanani a 2016. Amma ɗan sanda ba ya zama a rumfar mai magani. Wannan magana ce ta shugabannin masu maganin gargajiya, kuma gidauniyar kare muhalli ta NCF ta zauna da wasunsu kan a koma ga saiwoyi da ganye a madadin sassan ungulu. Ta Sarkin Pawa ce, da likitocin dabbobi, da malaman da ke hawa mumbari su faɗi hukuncin neman gaibu da kan tsuntsu. Kai kuma in Allah ya sa ka ga sheƙarta a wani wuri, ka riƙe bakinka, kada ka sa a Facebook da sunan ƙauyen.

Baba, ni manomin citta ne a Kachia. A daminar 2023 cuta ta cinye mini gona kaf, da bashi na yi noman. Yanzu wasu sun zo suna yi mana taro kan kare nau'o'in halittu. Ni da ke neman abin da zan ba yara, me ya haɗa ni da wannan?

Sannu, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka shi ne ainihin maganar, ko da masu taron ba su iya faɗa maka ita da harshen gona ba.

Citta ba da ƙwaya ake shuka ta ba, kai ka fi ni sani, ɓallar ta ake a binne. Ke nan kowace citta a gonarka jikin uwarta ce, ba ta da wani sabon jini. Kudancin Kaduna kuma kusan iri biyu ake juyawa, tafin giwa da yatsun biri, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko, shekara da shekaru, sau da yawa a ƙasa ɗaya ba hutu. Cutar da ta iya kayar da guda ɗaya ta iya kayar da duka, ba inda za ta ci karo da mai taurin kai. Haka aka yi da tumatir a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta sa gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci. Haka ya faru da dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845, inda yunwa ta kashe mutum kusan miliyan 1.

Ka tuna gonar kakanka. Ga dawa, ga gero, wake na yaɗo a ƙarƙashi, acca a tudu, gwaza a damshi, rizga da gurjiya da riɗi a gefe. 'Yan boko suka zo suka ce wannan hargitsi ne. Shi kuwa tsoho ya san shekara ba ta zuwa iri ɗaya: in ruwa ya yi yawa wani ya yi, in ya ɗauke da wuri wani ya tsira. Ban ce ka bar citta ba, ita ce mai kawo kuɗin makaranta. Ka bar ta ta riƙa juyawa da wani amfanin, kada ka sayo iri daga gonar da cuta ta taɓa, ka kuma ware ko kunya goma ce don irin gidanku na da, wanda tsofaffin mata ke ajiyewa a tulu da toka.

Wannan tsohon iri dukiya ce ta gaske. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da ke fitar da sabon irin masara da dawa da wake, daga tsofaffin iri suke zaƙulo juriyar fari da ta wuta-wuta. A Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA na ajiye da samfurin wake sama da 15,000 a ɗakin sanyi, da yawansu daga gonakin talakawa irin taka aka karɓo. In iri ya ɓace a gona kuma babu shi a can, ya tafi ke nan.

Akwai wani abin da nake so ku manoma ku lura da shi. Tun da feshi ya maye gurbin fartanya, ina lalo, ina karkashi, ina tafasa da gasaya da mata ke tsinka a kan iyakar gona kyauta? Yanzu saye ake yi. Maganin ƙwari kuma ba ya tantance tsutsa da zuma, alhali zuma ce ke sa kabewa da kankana da riɗi su cika. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lis, kada a yi lokacin da shuka ke fure. Mai shagon magani da ke sayar da kwalba ba bayani, ko ya ɗura a gorar ruwa ba suna, shi ma yana da kaso a ɓarnar. Gwamnati kuma bashin da kuke bin ta ya wuce rabon taki: tsabtataccen irin citta, kuɗin bincike, da malamin gona da zai tako gonarka tun ganye na fara rawaya. Wannan za ka ɗaga hannu ka faɗa a taro na gaba.

Malam, ni masunci ne a Kabala. Wasu na zuba magani a ruwa da dare, da safe kifi ya taso fari fat har 'yan mitsi-mitsi. In na yi magana a ce hassada ce.

Ba hassada ba ce, kuma kada ka tunkare su kai kaɗai. Ku haɗu ku kai wa Sarkin Ruwa da mai unguwa, ku sa mata masu sayen kifi a ciki, don su suka san kifin guba da ido kuma su ne za su iya ƙin saye. Maganin ƙwari irin su Gammalin da danginsa ba sa tsayawa kan tarwaɗa da karfasa, suna bin mai ci har gida. Ku haɗa da masu jan gidan sauro a matsayin taru, su ma ƙwai da 'ya'ya suke kwashewa. Argungu na fitar da giwan ruwa mai girman mutum ne don ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar biki. Ku ware gurbi ɗaya ku hana shiga, ku ga abin da zai fito bayan shekara.

Baba, ni ɗaliba ce a Kawo. Kowace damina muna zuwa bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a raba hula. In na koma wurin da rani ba na ganin komai. Mu daina ne?

'Yata, kada ku daina, ku sauya lissafi. Dashe na awa ɗaya ne, raino na shekara biyu zuwa uku: kariya daga awaki, ban ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, da wani takamaiman mutum da za a tambaya in ta mutu. Duk wanda ya ce miki ya dasa dubu kaza, ki ce ya kai ki a watan Maris ku ƙirga. Ku dasa 20 a harabar makaranta, kowace da mai ita, ku sa tsamiya da ɗinya da maɗaci da kuka a ciki, kada ya zama darbejiya zalla. Hadisin da ya ce abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga dashen mutum sadaka ne, ai sai itacen ya rayu ya yi 'ya'ya tukuna.

Sannan ga darasi daga 'yan uwanmu na Maraɗi. A shekarun 1980, bayan an yi ta dashe yana mutuwa, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi, a datse saura. Suka kira shi sassaben zamani. Hukuma kuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. An kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo ta haka, yawanci gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. In kin je ƙauye hutu, ki roƙi kawunki ya bar tofo biyar a gonarsa bana.

Malam, ni ɗan Birnin Gwari ne, gudun hijira ta kawo ni Mando. An kashe mana mutane, an sace mana 'yan uwa, duk daga dajin nan ake fitowa. Ku kuna nan kuna maganar giwa da tsuntsu. Ni da za a bi tawa, a share dajin baki ɗaya kowa ya huta.

Ɗan uwa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da na hannu, ya mayar da ku gida lafiya. Ran mutum ɗaya ya fi duk giwayen duniya, ba ni da ja a kan wannan.

Amma ka ba ni dama in faɗi abin da na sani game da dajin. An keɓe dajin Kamuku tun 1936 zamanin En'e, a 1999 ya koma hannun tarayya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,120, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. A da giwaye na kai da komo a tsakaninsu, ga gwanki, ga mugun dawa, ga burtu. Duk shekarun nan dajin yana nan, mutanenku na noma a gefensa, suna ɗibar zuma da magani, suna kwana da ido biyu rufe. Abin da ya sauya shi ne an janye ido daga kansa. Ma'aikata suka tsufa ba a maye gurbinsu ba, hanyoyin sintiri suka shafe, aka cinye burtali da makiyaya, wurin da babu hukuma kuma wani ne ke zama hukuma. In an share shi, ɗan bindiga zai hau babur ya koma wani dajin. Ku kuma a bar ku da rafukan da suka ƙafe da ƙasar da ruwa ke kwashewa, masu katako da gawayi su yi arzikin dare ɗaya da sunan tsaro.

A Kure ta Jamhuriyar Nijar raƙuman dawa sun ragu har 49 a 1996. Aka hana farautarsu, aka sa mutanen ƙauyukan suka zama masu rakiyar baƙi, ana kuma taimaka musu da rijiyoyi da jari, har suka haura 600. A watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin masu rakiya ya tsaya. Ka ga maƙiyinka da maƙiyin dajin ɗaya ne.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare halittu ta duniya tun 1994, a Disambar 2022 kuma tana cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Kanada cewa kafin 2030 za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa. A takarda Kamuku na cikin lissafin abin da aka kare. Kai da ka baro gidanka ka san gaskiyar wannan lissafi. Abin da nake tsoro shi ne ranar da ƙura ta lafa, masu zarto za su riga ma'aikata shiga. Don haka ku 'yan yankin da ke nan Kaduna ku fara magana tun yanzu. Kamuku na tarayya ne, ɗan majalisarku na Abuja za ku tambaya: nawa aka ware wa masu gadinsa a kasafin bana, mutum nawa za a ɗauka, nawa ne daga cikinsu 'ya'yan Birnin Gwari da suka san kowane rafi da kowane dutse. Sauran gandayen na jiha ne, wannan tambayar ɗan majalisar jiha za ku kai wa, tare da batun sake shata burtali kafin a koma gona.